Shanyar Allo da Takarar da Ban Nema Ba

Bari in fara da wautata kafin wani ya riga ni faɗa. Na daɗe a sana'ar rubuta allon kanti ina zaton in kalmomin Turanci biyu suka fito da sauti ɗaya, to zaɓi Bature ya ba ka. In allo mai faɗi ne ka ɗauki doguwar, in ƙarami ne ka ɗauki gajeriyar ka rage wa kanka fenti. Wallahi haka na ɗauka, har ina yaba wa Bature saboda tausayin masu sana'a. Boko aji uku na yi a Makera, na ukun ma rabinsa a bakin kogi na yi shi ina kamun kifi, don haka kada ku yi mamaki.

Ku yaran yanzu da kuke leƙowa rumfata kuna cewa aikin Baba Garba ai kwafe ne kawai, ga waya tana gyara wa mutum rubutu, ku matso. Ku rubuta MEET maimakon MEAT a allon mai nama ku gani ko wayar za ta ce uffan. Ba za ta ce ba. Kalmar lafiyarta ƙalau, gidan da ta shiga ne ba nata ba. Hannu kowa zai iya koya. Sanin wace kalma ce mai gidan, wace ce baƙuwa mai kama da ita, shi ne ya hana ni zama wuri ɗaya tun ina saurayi.

Allon farko da aka bar ni na riƙe wa burushi na wani bakanike ne mai gyaran birki a hanyar Trikania. Maigidana a sana'a, Oga Matiyu, mutumin wajen Zonkwa ne, gajere, kullum da fensir a bayan kunne. Kafin ya yarda in taɓa allon nan na sha wankin burushi da kananzir har fatar yatsuna ta saɓule. Na goge kwanon allo da sanfefa, na dama fenti a gwangwanin madara, na koyi shafa wa zare alli a ja shi a saki ya bar layi miƙaƙƙe. Akwai sanda mai dunƙulen tsumma a kai da ake jingina hannu don kada ya yi rawa. Da ita yake zana harafi, da ita kuma yake ƙwala mini a gwiwar hannu in O ɗina ya fito kamar ƙwan da aka taka.

To ga bakanike ya ce a rubuta masa gyaran birki da Turanci. Na san akwai BRAKE, na san akwai BREAK. Na auna su da rula, tsawonsu ɗaya. Nan dabarata ta watse. Na je na tsuguna gaban Oga Matiyu na ce, “Oga, wanne ne na mota?”

Ya cire fensir ya sosa kai da shi. “Ni ma ban sani ba.”

“Oga, kai?”

“Ni fa. Ka ga na yi kama da hedimasta? Rubuta ɗaya da alli, ka ɗauki allon ka kai bakin titi ka shanya.”

Ranar na koyi sana'ar gaskiya. Shanyar allo muke ce mata. Ba ka taɓa sa fenti sai ka fara zana rubutun da alli, ka jingina allon da falwaya daidai inda ma'aikata ke jiran bas da safe za su haye gada zuwa ofis. Sai ka koma gefe ka juya baya kamar kana dama fenti, kunnenka yana can. Mutumin Kaduna zai iya wuce ka taya ta sace maka bai tsaya ba, amma ba zai iya wuce kuskuren Turanci ba. Ƙaiƙayi yake masa. Sai ya tsaya, ya kira na kusa da shi ya nuna masa, ya ɗaga murya yadda kowa zai san ya yi makaranta. Kai kuwa ka samu malami kyauta.

Amma da ƙa'ida. Ba a ɗaukar maganar mutum na farko. Jira ake na biyu ya musa masa, su yi ta yi har na uku ya raba su, kuma ka lura wa sauran jama'a suka gyaɗa wa kai. Daga baya ni na ƙara nawa shaƙiyancin. Na lura in kuskuren ƙarami ne mutane suna wucewa ba su gani ba, sai na riƙa dasa musu babba da gangan. In juya S ta kalli baya, ko in cire harafi daga SHOP. Wannan shi ke tsayar da su. Suna cikin yi mini dariya a kan na gangan sai wani ya hango na gaskiyan, wanda ni ban ma san yana nan ba.

Da Oga Matiyu ya tsufa ya koma gida, na kafa tawa rumfar a Barnawa kusa da inda bas ke tsayawa. Can na samu alƙalaina. Akwai Sista Rahila, nas ce, ba ta dariya sai ta gama gyara. Akwai Malam Isiyaku akawun kotu, wanda ba ya yarda da duk abin da Sista ta faɗa sai ya juya shi ya duba ƙasansa. Sai Mama Asabe mai ƙosai. Ita ko sunanta ba ta iya karantawa, amma kaskonta ne ke riƙe mini jama'a, kuma babu wanda zai shiga ko ya fita a layin nan ba ta gani ba.

Wani ƙyalle na taɓa yi wa wata coci a Romi, za su yi taron farfaɗowa, baƙon mai wa'azi zai zo daga kudu. Yadi fari mai tsawo, na ɗaure shi tsakanin falwaya da bishiyar dalbejiya, na zana da gawayi tunda alli ba ya fita a farin yadi. Na rubuta PROFIT a gaban sunan mutumin. Sista Rahila ta sauko daga acaɓa ta tsaya ta daɗe tana kallo.

“Garba Artis, riba ka rubuta. Annabi da P da H yake.”

“To Sista, bari in goge.”

“Goge. Amma na taɓa zuwa taron mutumin nan, baiko sau uku aka karɓa. Ba ka yi ƙarya sosai ba.”

Ni dai Musulmi ne, ban sa baki ba. Na goge na gyara. Amma ku duba, da na sa fenti kai tsaye fa? A garin nan? Abin da ya fi wannan ƙanƙanta ya sha tayar da ƙura.

Mummunar shekarata a ƙarshen mulkin soja ta zo. Masu rusau suka riƙa zagayawa da mota, duk abin da suka gani a bakin titi su jefa a baya. Sun kwashe mini alluna har da na mutane da ban gama ba. Ga wahalar fetur, bas ta yi wuya, ma'aikata suka koma tafiyar ƙasa, kowa kai a sunkuye yana sauri. In ma mutum biyar suka taru suna gardama sai ka ga kowa yana waige. Titi ya yi shiru, ni kuma na makance. Na yi wa wata mai rini a Kakuri allo na sanar wa duniya cewa tana mutuwa, DIE na sa maimakon DYE. Na yi wa mai sayar da littattafai da biro allo na ce kantinsa a tsaye yake ba ya motsi. Har yau in ka tashe ni daga barci ka ce wanne ne na mai biro tsakanin STATIONERY mai E da STATIONARY mai A, sai dai in ce ka jira gari ya waye mu fita titi. Alluna suka riƙa dawowa. Na kankare, na sake shafe, na sake rubutawa da fentina. Na sayi ƙamus a hannun masu tsofaffin littattafai, na buɗe na tarar duka biyun suna ciki, kowacce da bayaninta da wani Turancin da ya fi ta wuya. Na mai da shi matashin gwangwani. Ƙarshenta lambar gida da lambar amalanke na koma rubutawa, don lamba ba ta da 'yar'uwa mai kama da ita.

Sai aka ce soja za su koma bariki, za a fara da zaɓen ƙananan hukumomi. Titi ya farfaɗo kamar an yi ruwan farko. Kowa ya zama masanin siyasa, gardama tun safe, ƙosan Mama Asabe ba ya kai hantsi. Na fito da allunana na ci gaba da shanya.

Wata Lahadi bayan an tashi coci, rana ta take, ina kankare wani tsohon kwano, sai ga Malam Yohanna ya faɗo rumfata yana waige. Malamin firamare ne, rabin unguwar ta bi ta ajinsa, kuma yakan tsaya wani lokaci ya gyara mini allo cikin ladabi, ba irin na Malam Isiyaku ba. Ya ja benci can ciki ya zauna.

“Malam Garba, magana ce da in ta fita na mutu.”

Dattawan mazaɓarmu ne suka matsa masa ya tsaya kansila. Ya yarda. Ya miƙa takardar ritaya, amma ba a sa mata hannu ba tukuna, kuma ma'aikacin gwamnati ba ya siyasa. Akwai wani babba a ofishinsu da ba sa ga maciji, kai, bari in faɗa a sarari, ba ya ƙaunarsa ko kaɗan. In labari ya kai kunnen mutumin nan kafin a sa hannu, korarsa za a yi, fanshon duk shekarun da ya yi yana shaƙar alli ya tafi. Ga 'ya'ya a makaranta. In kuma ya jira sai takarda ta fito sannan ya ba da aikin alluna, lokaci ya ƙure, duk masu fenti sun cika. Yana so in yi masa alluna da ƙyallaye in ɓoye, ranar da takarda ta fito a wayi gari an kafe su.

Na miƙa masa fensir da kwalin sigari. “Ticha, rubuta mini abin da za a sa.”

Ya janye hannu kamar na miƙa masa garwashi. “Rubutun hannuna? Yaran unguwar nan duka sun san shi.”

Sai ya share ƙasa, ya rubuta da bakin takalminsa. VOTE, sunansa, FOR, sai wata doguwar kalma. Yana kai ƙarshenta muka ji babur ya rage gudu a waje. Ya sa ƙafa ya murje.

“Ka gani?”

“Na gani, Ticha.”

Na ga C a farko, na ga R a ƙarshe. Tsakiyar takalminsa ya cinye. Amma ina zan ce wa malamin makaranta ya sake? Ya miƙe ya ce kada in zo gidansa, kada in tsayar da shi a hanya, shi zai zo da kansa in lokaci ya yi. Ya fice.

Na kasa zama. In buɗe gwangwani in rufe. In ɗauki burushi in ajiye. Kalmomi biyu ne a kaina. COUNSELLOR na taɓa rubuta ta a ƙofar wani ofis a coci. COUNCILLOR na taɓa ganinta a wani tsohon allo a sakatariya. A bakina duka kansila ne. Na auna su, tsawonsu ɗaya, abin da ya same ni a kan birki ya dawo. Kuma ba allo ɗaya ba ne da zan kankare, tuli ne, za su hau kowace falwaya daga Barnawa har bakin kasuwa, da sunan malamin makaranta a jiki. In na kuskure, abokan hamayyarsa ba sa bukatar wani kamfe, allon kawai za su riƙa nunawa.

Da safe na ce wa kaina, to mene ne a ciki? Ba zan sa suna ba. Kalma ɗaya zan shanya. Na ɗauki guntun falanki na rubuta ta coci da alli. Sai hannuna, don ya saba cika layi, ya ƙara FOR a gabanta. Ban ma lura ba. Na jingina da falwaya na koma ina dama fentin da ba ya bukatar damu.

Sista Rahila ce ta fara isowa. “Garba, wannan daidai ne, kuma ba daidai ba ne. Ya danganta da aikin mutumin. In mai ba da shawara ne, irin masu sasanta ma'aurata, bar shi haka. In na ƙaramar hukuma ne, cire S da E ka sa C da I. Wanne ne?”

Na samu abin da nake nema. Da na ɗauke falankina a lokacin, da ba ku ji wannan labari ba. Amma Malam Isiyaku ya riga ya iso da jaridarsa a hammata.

“Sista, tambayar me kike yi? Ba ki ga FOR a gaba ba? Kin taɓa ganin mai sasanta aure yana neman a zaɓe shi? Wannan allon takara ne.” Ya juyo. “Garba, na waye?”

“Na wani ne, Malam.”

“Mun san ba na aljani ba ne. Waye?”

Kafin ka ce me, an kewaye ni. Wannan ya ce mai kemis ne, wancan ya ce a'a, tsohon sajan ɗin nan na bayan kasuwa. Bas ta zo ta tafi, ba wanda ya shiga. A cikin taron na hango masinjan ofishin su Malam Yohanna, mai hula ja, ya miƙa wuya yana sauraro. Sai Mama Asabe ta ɗaga matsamin ƙosai sama.

“Ku tsaya. Ai jiya da na taso coci na ga wanda ya shiga rumfar nan yana waige-waige. Malam Yo…”

“Nawa ne!”

Ban san lokacin da ta fita daga bakina ba. Kowa ya juyo kaina.

“Nawa ne. Ni zan tsaya. Ko an ce mai fenti ba ɗan ƙasa ba ne?”

Mama Asabe ta ƙanƙance ido. “To Malam Yohanna me ya zo yi?”

“Shawara na nema, Mama. Ya ce shi ma'aikaci ne, ba ruwansa da siyasa, kada in sake kiransa a kan irin wannan. Har faɗa ya yi mini.”

Na ga mai jar hula ya saki wuyansa ya juya neman bas. Na ce alhamdu lillahi, yanzu za su yi dariya su watse. Malam Isiyaku kam ya yi, har da riƙe ciki, ya ce wanda bai san yadda ake rubuta kujerar ba shi zai hau ta. Amma wani ɗan acaɓa ya ce, “To su waɗanda suka iya rubutawar me suka yi mana?” Aka ce haka ne. Aka ce wallahi haka ne. Mama Asabe ta zuba mini ƙosai a takarda ta ce, “Ci, Onarabul.”

Ban sake samun sukuni ba. 'Yan acaɓa in za su wuce sai sun danna oda. Mata suka fara zuwa da maganar famfon layinsu da ya ƙafe. Wani dattijo ya ja ni da hannu har Romi ya nuna mini kwalbatin da ya karye, na ce masa ai nan ba mazaɓata ba ce, ya ce in dai duba. Limaminmu ya tare ni bayan Azahar ya ce in ji tsoron Allah in na hau. Fasto ya aiko a gaishe ni. Matata Hajara ta daina yi mini magana, sai dai na ji ta tana gaya wa maƙwabciya cewa ita ba za ta canza hali ba ko an koma gidan sama. In an tambaye ni wace jam'iyya, in ce ina nazari. Wannan ma sai aka ce dattaku ne.

Aikin kuwa ina yinsa a fili, tunda yanzu nawa ne. Na yanke haruffa da reza a jikin tsohon fim ɗin hoton ƙirji da Sista ke kawo mini daga asibiti, in ɗora a allo in buga fenti da soso. VOTE a sama, FOR COUNCILLOR a ƙasa, da C da I ɗinta. Tsakiya na bari fari. Malam Isiyaku ya zo ya auna filin da tafin hannu.

“Garba ai gajeren suna ne. Wannan filin fa?”

“Malam, zan sa Alhaji, zan sa Cif, in wuri ya ragu in sa Dakta.”

Malam Yohanna kuwa kullum sai ya wuce ta gabana da safe, kansa a miƙe, littattafai a hannu. Sau ɗaya idonmu ya haɗu, lokacin wasu samari suna ɗaga hannuna sama suna ihu. Ya yi tuntuɓe ya wuce.

Sai ga aike daga wani ɗan kwangila da shi ma yake son kujerar. Mutum biyu suka zo da mota, suka sauke buhun shinkafa a ƙofar rumfata da rana tsaka. Babbansu ya ce maigida yana gaisuwa, yana ganin mai sana'a irina bai kamata siyasa ta ɓata masa lokaci ba. Ya ɗaga kai ya kalli rufin rumfar ya ce, “Wannan wurin ma kamar filin gwamnati ne, ko?”

Ku sani, ina son shinkafar nan. Na kalle ta, ta kalle ni. Amma in na karɓa na janye, gobe za a ce to allunan da ke jingine na waye, Mama Asabe kuma ba ta manta abin da ta gani ba. Na haɗiye yawu na ce su mayar, a gaishe da maigida. Suka ɗora buhun a mota a gaban kowa. Kafin Magariba labari ya kai Trikania cewa an samu ɗan takarar da ya ƙi shinkafa. Wasu suka ce buhu goma ne. Wasu suka ce har da babur. Tsofaffin mata suka riƙa tsayawa suna sa mini albarka da Hausa da yarensu. Ni kuma kullum ina leƙen hanya ko masu rusau sun taho.

Ranar da takarda ta fito Malam Yohanna ya shigo da sassarfa, bai ko yi sallama ba, ya ce, “An sa hannu.” Ya zauna a benci yana haki. Na ɗauko fim ɗin sunansa da na yanke na ɓoye a ƙarƙashin tabarmar salla, na rufe ƙofa, na bi allunan da ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya ina cike farin filin. Sunan ya zauna daidai kamar an gwada. Washegari samarin cocinsu suka kafe su ko'ina.

Na fito bakin titi, na hau benci, na ce jama'a, na janye, na mara wa Malam Yohanna baya, mutumin kirki ne, ya koyar da 'ya'yanmu. Na jira tafi. Man da ke kaskon Mama Asabe kaɗai ake ji.

“Me ya ba ka?” in ji ta.

“Mama, ba abin da ya ba ni. Tun farko allunan nasa ne. Rufa masa asiri na yi saboda fanshonsa.”

“Kai da bakinka ka ce ya kore ka da faɗa.”

“Ƙarya na yi.”

“To yanzu fa?”

Na duba wajen Sista Rahila ko za ta cece ni. Ta gyara jakarta ta ce, “Garba, mutumin da ke juya S da gangan don mu tsaya, yau kuma wanne za mu ɗauka?” Ashe duk shekarun nan ta sani. Malam Isiyaku ya ce shi tun ranar da ya auna filin nan ya gane ciniki aka ƙulla, an tura mai fenti ya tara jama'a, a zo a sayar da su a dunƙule. Ɗan acaɓan da ya fara goya mini baya ya tofar da yawu ya ce ashe ƙin shinkafar jiran babban farashi ne. Na rantse da abin da na sani. Malam Yohanna ya bi gida gida yana bayani, dattawa suka yi, Fasto ya yi. Mutane suka saurara cikin ladabi, suka ba shi ruwa ya sha. A layinmu kaɗai an cire allunansa an yi murfin kaji da su. Ranar zaɓe da yawa ba su fito ba, waɗanda suka fito kuma wasu suka ce gara wanda ya kawo shinkafarsa a fili. Ɗan kwangila ya ci.

Na daɗe ina shanya allo ba mai tsayawa. Sai da na rubuta wa wani mai walda kuskure uku manya a layi ɗaya sannan Malam Isiyaku ya kasa daurewa.

Bayan an rantsar da farar hula an natsa, Malam Yohanna ya zo rumfata da wani ɗan falanki. Fansho ya fara fitowa, ya kafa kiwon kaji a bayan gida, yana son allon sayar da ƙwai. Wannan karon da hannunsa ya rubuta mini a takarda, harafi harafi, ya ja layi a ƙarƙashi. Ya zauna a bencin nan yana kallona ina jan zare. Da ya tashi tafiya ya kakkaɓe wandonsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

“Malam Garba, har yau in na durƙusa addu'a ban san me zan ce a kanka ba. Ka cece mini fansho, ka cinye mini ƙuri'a.”